Tekun da Mahaifiyata Ta Ce Ba Ta So

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Guangzhou da iyalina ina harkar tayil da kayan banɗaki, na taɓa shirya wata tafiya a jirgin ruwa wadda har yau ban yi ta ba. Wasu ne suka yi ta. Jiya wani ya turo min hoton irin jiragen nan na masu kuɗi yana tambaya ko na taɓa shiga a zamana na China, shi ne abin ya dawo min sabo fil, na ce bari in rubuta ko zan huce. Na san ba hucewa zan yi ba, amma dai ku karanta.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, ita kuma irin matan da ce, waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce “ku kira wancan,” da na yi aure kuma na koma “maigidanki” in da matata take magana. Ko goro ba ta taɓa cewa in saya mata ba. In tana bukatar abu, ƙanwata za ta gaya wa ko matata, su kuma su kawo min a matsayin shawararsu, ni ma in yi kamar daga kaina tunanin ya fito. Haka muke zaune, kuma ba wanda ya taɓa jin an cuce shi.

A shekarar da nake ba ku labari ciwon idonta ya yi tsanani. Yanar ido ta rufe duka biyun, ga kuma abin da ake kira hawan jinin ido. Na nema mata biza na kawo ta, aka yi mata aiki aka cire yanar. Ranar da aka kwance bandejin ta ƙura wa matata ido ta ce, “Ashe haka kika yi ƙiba ba wanda ya gaya min?” Muka yi ta dariya har da hawaye. Amma likitan ya ja ni gefe ya ce kada murnar ta yi yawa. Yanar ta fita, sai dai ɗaya ciwon ya riga ya ci jijiyoyin idon, magani rage masa gudu kawai zai yi. Ganin da ta samu na ɗan lokaci ne. Ya ce in akwai abin da take son gani a duniya, a nuna mata yanzu.

Ban gaya mata ba, amma tsofaffi ba sai an gaya musu ba. Bayan ’yan kwanaki ina shan shayi matata ta zo ta zauna kusa da ni ta rage murya.

“Ka san abin da Hajiya ta ce min yau? Wai mahaifinta ta ƙasa ya je Makka, ya haye Bahar Maliya a jirgin ruwa, kuma har ya rasu labarin tekun nan yake ba su. Ita kuma ta je Hajji ta dawo, ga shi ta zo nan, duk ta sama, ba ta taɓa sa teku a idonta ba. Sai na ji ta ce, ‘Da mutum zai zauna a kansa ko sau ɗaya ne kafin fitilar ta mutu.’ Tana faɗa ta ce kada in kuskura in gaya maka.”

A gidanmu wannan daidai yake da a yi shela da lasifika. A iya sanina, wannan ne karo na farko da ta so wani abu don kanta, ba don ’ya’ya ko jikoki ba.

Lokacin ana cikin baje kolin kaka a Pazhou. Akwai wani mai kamfanin tayil a Foshan da na daɗe ina sayen kaya a wurinsa, lauban muke ce masa kamar yadda ake ce wa kowane maigida a can. Na je rumfarsa muka zauna shan shayinsu mara sukari, ya tambayi jikin Mama, na ba shi labari da guntun Turancina da guntun nasa. Sai ya buga cinya ya ce yana da jirgin ruwa na shaƙatawa a tashar Nansha, kuma duk shekara in sanyi ya kusa ana kora shi kudu zuwa Sanya a tsibirin Hainan, ba kowa a ciki sai kyaftin da ma’aikatansa, shi sai daga baya ya bi su ta sama. Ya ce in ɗauki Mama mu bi jirgin, in zauna da kyaftin mu zaɓi inda za a riƙa tsayawa. Na ce nawa zan biya, ya kaɗa hannu yana “Meyo, meyo,” wato babu. Na rasa bakin godiya, sai “she-she” nake ta jerawa kamar wanda aka kunna.

To, Sinancina na kasuwa ne. Na iya cewa nawa ne, ya yi tsada, rage min, akwai wani launin. Da wannan ba a shirya tafiyar kusan mako guda a teku. Sai na nemi wani abokina ya yi min tafinta, ya kuma bi mu a tafiyar. Unguwarmu ɗaya a Kano, a China ya yi karatu, yana jin yaren kamar a can aka yanke masa cibi, sana’arsa kuwa kai ’yan kasuwar da suka zo daga gida masana’antu ya yi musu tafinta. Kusan kullum a gidana yake cin abincin rana. Mahaifiyata da ba ta faɗin sunana, shi da sunansa take kiransa, har da “ɗana.” Ba abin da bai sani ba game da halinta, kuma duk abin da likita ya ce sai da na gaya masa.

Muka tafi Nansha ni da shi. Jirgin fari tas, da ɗakunan kwana uku da ɗan falo da wurin zama a sama. Ni da ko a Tiga ban taɓa shiga kwalekwale ba, sai ga ni na harɗe a gaban taswira ina ba da umarni. Na sa yatsa a Nansha na ja shi santal zuwa Sanya, na ce nan za mu bi. Kyaftin, wani gajeren mutum da rana ta ƙona, ya yi dariya har da tari. Ya ce ta bakin abokina, in aka bi nan da tsohuwar da aka yi wa aikin ido, kafin azahar za ta tsine mana.

Shi ya zaunar da ni ya koya min. Ya ce a wannan lokacin iska daga arewa maso gabas take zuwa, tana tura jirgi ta baya, amma da an yi nisa da gaɓa igiyar ruwa takan yi girma. Don haka gaɓa za a bi, a tashi da sassafe ruwa na kwance, a yi gajeren zango, a kwana a wurin da tudu ko tsibiri ya tare iska. Kuma ba kowace tasha ce za ta yi mana ba. Wata ba a yarda baƙi ’yan ƙasar waje su sauka. Wata ta masunta ce, sai an hau tsani na ƙarfe kafin a taka ƙasa, mahaifiyata kuwa ko matattakalar gida sai an riƙe ta. Ni ma na kawo nawa sharuɗɗan: duk inda za a kwana ya zama akwai asibiti kusa, akwai shagon taliyar Musulmin China inda za a samu halal, kuma Juma’a ta same mu a Sanya, don na ji akwai unguwar Musulmi da masallatai a can.

Sai da muka yi zama ya fi a ƙirga kafin hanya ta tsaya. Zangon farko Zhuhai, kusa-kusa, don a gwada cikinta, in ruwa bai karɓe ta ba a dawo da ita gida a mota. Daga nan tsibirin Shangchuan, inda kyaftin ya ce akwai lungun da ruwa yake lumui, sai tsibirin Hailing, sai Zhanjiang inda za a jira yanayi ya yi kyau a haye mashigin zuwa Haikou, sannan a gangara Sanya. Sunayen nan har yau ina iya jero su ko daga barci aka tashe ni. Na zama malamin iska. Da na idar da sallar asuba sai in buɗe waya in duba tsayin igiyar ruwa, in zo in yi wa matata bayanin da ba ta tambaye ni ba. Har ta sa min Sarkin Ruwa.

Ita kuwa mai gayya ta yi kamar ba ta san ana yi ba. Na shigo da rigar kariya ta ruwa da baƙin tabarau da citta ta maganin jiri, ta kawar da kai. Matata ta yi dambun nama da yaji da garin kunu, aka samo kilishi wurin wani da ya zo daga gida, ba ta ce na mene ne ba. Amma ta sa matata ta ɗinka wa hijabinta igiya ta ciki saboda iska. Wata rana kuma ina daga falo na ji tana tambaya a kicin, “Wai shin in mutum yana kan ruwa, yaya yake gane alƙibla?” Na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Ana haka abokina ya yi baƙi biyu da suka zo baje koli: wani Alhaji daga Kano mai shigo da kayan kicin kwantena-kwantena ta tashar Huangpu, da abokin cinikinsa ɗan Maraɗi. A wurin cin abinci ya yi musu burgar cewa zai shiga jirgin shaƙatawa zuwa Hainan, suka ce a sa da su. Bai tuntuɓe ni ba. Sai ya kira lauban kai tsaye da yarensu, ya ce masa manyan masu saye ne, ƙila ma su shiga harkar tayil. Wane mai kamfani ne zai ƙi? Sai da magana ta ƙulle sannan ya zo yana sosa ƙeya, wai su biyun za su kwana a ɗakinsa, shi ya kwanta a kujerar falo. Raina bai so ba, amma na haɗiye, na ce jirgi ba nawa ba ne.

Da muka koma Nansha don a yi maganar mai da ruwan sha, na tarar taswira ta canza. An cire Zhuhai, an cire Shangchuan. An ware kwanaki a gaɓar Yangjiang, garin masana’antun wuƙaƙe da almakashi, an ƙara wasu a Zhanjiang saboda masu ƙera tukunyar shinkafa ta lantarki da butar shayi. Don a cike gurbin kwanakin, an haɗe zangunan sun zama dogaye, ta can cikin teku. Juma’a kuwa duk inda ta faɗa. Kyaftin ya dube ni ya ce, “Mama?” sai ya karkaɗa tafin hannunsa, ya kama ciki ya yi alamar amai, ya girgiza kai. Wannan ba ya bukatar tafinta.

Na ce wa abokina, “Wa ya taɓa min hanya?”

Ya ce, “Haba, kai ma ka san darajar mutanen nan. Ba za su bar kasuwa su yi mako suna kallon ruwa ba, dole a haɗa musu da abin yi. Kuma tsakani da Allah, tsohuwa a cikin ƙartin maza, ga banɗaki a matse, ai takura ce. Ka kawo ta nan bakin gaɓa ta leƙa, ai duk ruwa ne.”

Na ce, “Don ita aka ba da jirgin nan. Mai son wuƙa ya hau jirgin ƙasa, Yangjiang ba ta gudu ba. A mayar min da hanyata yadda take.”

Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Shi ke nan, yadda ka ce.” Ni kuma da wautata na ɗauka na yi nasara, har na saya masa rake a hanya.

Ranar Lahadi bayan la’asar sai ga shi da baƙin nasa, wai sun zo duba Hajiya. Sun riƙo lemo da tuffa da turmin atamfa. Har na ji daɗi, na ce gyara ya zo yi. Aka shimfiɗa musu darduma, mahaifiyata ta fito ta zauna a kujera, matata na rakuɓe a bakin ƙofa.

Alhajin Kano ya ce, “Hajiya, barka da arziki. Ya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ne.”

Ɗan Maraɗin ya ce, “Allah shi ƙara sauƙi, Hajiya. Mun ji an yi aiki an dace, mun ka ce sai mun taho mun gaishe ki.”

Ta amsa da fara’a, ta tambayi iyalansu da hanya da kasuwa. Sai abokina ya gyara zama, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya ce:

“Hajiya, dama su Alhaji ne suka ji wata magana. Wai an ce ke kika matsa wa ɗanki sai ya kai ki yawon teku, har ana neman a fasa musu tafiyarsu ta neman abinci. Na ce a’a, Hajiyar da na sani ba za ta yi haka ba. Amma na ce su zo su ji daga bakinki.”

Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Ya san abin da yake yi sarai. Ya san macen da ba ta iya faɗin sunana ba za ta taɓa cewa a gaban baƙi maza, “E, ni na roƙi ɗan farina ya kai ni yawo” ba, ko da wuƙa aka sa mata a wuya. Amsa ɗaya ce tak tambayar nan take da ita, kuma da ita ya shigo gidan a aljihunsa.

Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. Ta ce, “Ni? Ni na ce? Me tsohuwa za ta yi da yawo a ruwa? Ban ma san zancen ba. Ku maza ku je ku nemi halalinku, Allah ya tsare hanya.”

Alhajin ya ce, “Allahu akbar. Iyayen da ke nan.”

Ɗan Maraɗin ya ce, “Wallahi irinsu sun ƙare.”

Su ban riƙe su a zuci sosai ba, abin da aka gaya musu suka sani. Na buɗe baki na ce, “Hajiya, ai ni ne na…” Ko kallona ba ta yi ba. Ta juya wajen matata ta ce, “Ki ce wa maigidanki ya raka baƙi.”

Na raka su har bakin titi, na jira baƙin suka shiga tasi, sannan na riƙo hannun rigar abokina.

Ya ce, “Sake ni mana. Da kunnenka ka ji. Ni tilasta ta na yi?”

Na ce, “Ka san abin da likita ya ce ko ba ka sani ba?”

Ya ce, “Likita Allah ne? Baɗi ma jirgin zai tafi, sai ka kawo ta. Ni mutanen nan in na rasa su na rasa shekarata. Kai ba ka da tausayi ne?”

Ku ji fa. Ni ne mara tausayi. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba, har wani tsoho mai sayar da gasasshen dankali ya bar murhunsa ya zo yana raba mu da yaren da ba na ji. Na ce masa ƙafarsa kada ta sake taka gidana. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce zuciya ce, zan huce.

Washegari na hau jirgin ƙasa na tafi Foshan, na zauna da lauban da manhajar fassara a waya, ina faɗa tana juyawa, rabi daidai rabi shirme. Na yi zaton ba zai gane ba. Ashe ya fi wasu namu ganewa. Ya ce tasa uwar ma haka take, in ka miƙa mata abu sai ta ture, sai ka yi ta naci kafin ta karɓa, kuma ɗan da ya tsaya a turewar farko ba ɗa ba ne. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce jirgi na Mama ne, yanzu zai kira kyaftin a mayar da hanya, baƙi kuma su nemi mota. Na dawo gida kamar in yi tsalle, na tura matata wurin Hajiya da albishir.

Ba ta daɗe ba ta fito idonta ya yi ja. Ta ce, “Ta ce in gaya maka ta riga ta yi magana a gaban maza. Wai so kake a koma Kano a ce tsohuwa ta sa an sauke baƙi daga jirgi don ta je kallon ruwa? Ta ce in aka sauke mutanen nan ba ta yafe ba, in kuma ka sake tayar da zancen, a yanka mata tikiti gobe.”

Don haka ni, da bakina, na sake kiran lauban na roƙe shi ya bar su su tafi, kuma ta hanyar da abokina ya zana. Ya yi ta tambayata me ya sa, na rasa yadda zan yi wa waya bayani ta fassara. Bai ƙare a nan ba. Ana gobe za su tashi ta sa matata ta ƙulle dambun nan da kilishin da garin kunun, ta ce a kai wa “ɗana” da baƙinsa guzuri, kada su sha wahalar abinci a hanya. Ni na kai, don ba wanda zan aika. Na miƙa wa mai gadin gidansu na juyo.

Na gwada ta wasu hanyoyin. Na ce a gaya mata za mu je Zhuhai a mota sayen fitilu, ta ce ƙafarta na ciwo. Na ce akwai wani asibitin ido a wani gari na bakin gaɓa, ta ce wanda ya yi mata aiki ya ishe ta. Duk abin da ya shafi ruwa ta toshe shi, don kada ya zama ta ƙaryata kanta. Har ɗan zagayen da suke yi da matata da yamma a bakin kogin cikin gari ta daina. Matata ta ce ta ga ta zauna da reza tana farke igiyar da aka ɗinka wa hijabin. Bizarta ta ƙare, na raka ta filin jirgi, ta koma gida. Kafin jirgin lauban ya sake gangarawa kudu, ta koma sai an ja mata hannu.

Mutane sun yi ta shiga tsakani, a can da kuma bayan na dawo Kano. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa, “To ai ita ta ce ba ta so.” Bahaushe ne fa yake gaya min haka, wanda shi ma uwa ta haife shi, wanda ya san in ya kai wa tasa uwar abu za ta ce “da ka bar shi” alhali tana murna. Kunyar nan ta iyayenmu tana tafiya ne saboda kowa ya san akwai tambayar da ba a yi musu a gaban mutane. Mu muke rufa musu, su yi shiru, mu gane. Da kuɗi ya cuce ni da tuni na manta, an yi min wanda ya fi haka a kasuwa. Amma shi a kan tabarmar gidanmu ya koyi inda take da rauni, da tuwonmu a hannunsa, kuma nan ɗin ya nufa. Tun daga lokacin na daina shigar da kowa cikin gida har ya san halin iyayena, kuma na san wannan ba hali ne mai kyau ba, shi ya koya min.

Bayan wasu shekaru, da wata ƙaramar Sallah, ina zaune a ɗakinta sai ga shi ya yi sallama tare da wasu ’yan unguwa. A ɗakin uwata ba ni da ikon korar kowa. Lokacin ko hasken taga ba ta bambancewa. Tana jin muryarsa ta gane shi, ta kira sunansa, ta tambayi matarsa da yara, ta sa aka kawo masa cincin. Ya ci, ya yi ta zuba, har da ce wa ’yan rakiyarsa, “Ai a China mun so Hajiya ta bi mu Hainan, ta ƙi.” Na dafe gwiwata don kada in tashi.

Da suka miƙe za su tafi, har ya kai bakin ƙofa yana neman takalmi, sai ta ɗago fuska wajen da take jin motsinsa.

“Ɗana, ruwan nan da kuka shiga, wane launi ne?”

Ya yi dariya. “Wallahi Hajiya ban tsaya na duba ba. Ina ciki a kwance jiri na ɗibata, in na farfaɗo kuma muna ta waya da masu kamfani.”

Ta ce, “To. Allah ya yi albarka.”

Ba ta sake tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abarsa. Ya zo ta’aziyya, na miƙa masa hannu saboda idon mutane. Masu ce min in yafe, na ji, ku ci gaba da faɗa, ƙila wata rana. Yau dai ban yafe ba.